Ƙugiya

Mu huɗu Malam Isiyaku ya ɗaure wuri guda,
kamar damin da ya haɗa gero da maiwa da ƙaiƙayi.
Ya ce: "Fasaha da gobe. Minti goma.
A sa hoto, a sa murya, a sa bidiyo.
Ranar Laraba."

Muka taru a shagon ɗinkin baban Barira, can Ƙofar Marusa,
don shi ne mai sola.
Keke na ta ɓaɓatu a bayanmu,
ƙyallaye a ƙasa, mu a kan bandir ɗin yadi,
kwamfutar yayan Mudassiru bisa teburin guga,
fuskarta a tsage kamar fadama a tsakiyar bazara.

Mudassiru na son mutum-mutumi mai yin tiyata.
Barira na son mota mai tuƙa kanta.
Zinatu ta ce, "Ta tuƙa kanta a ina?
Ta shiga lungun Rafin Daɗi ranar ruwa tukuna, mu gani."
Ni kuwa maki kawai nake so.

Na buga kan magana da manyan baƙaƙe:
MAKOMAR ƘASA.
Allon ya mayar mini: MAKOMAR KASA.
Na goge, na sake. Kasa.
Na'urar da muka zo yi wa kirari
ba ta san ƙugiya ba.
Ta ɗauki ƙasarmu ɗungurungum,
da gonakinta, da kasuwanninta, da mu,
ta ce mun kasa.
Muka yi dariya har baban Barira ya ɗaga ƙafa daga keke.
Daga baya dariyar ta maƙale mini kamar ƙayar kifi.

Datar da muka yi wa karo-karo
ta ƙare roket na tsakiyar tashi.
Har yanzu yana nan rataye, bai kai wata ba, bai dawo ba.

Sai muka ɗauki waya, muka nufi tsohuwar tasha,
wurin Baba Ɗan'ali mai gyaran rediyo.
"Baba, me ka hango nan da shekara hamsin?"
Ya ɗago, dalma na hayaƙi a bakin ƙarfensa.
"Mi? Gobe? Ai na taɓa riƙe ta da hannuna.
Sa'ad da rediyo ta shigo gidanmu, ita ce goben.
Uwata kan lulluɓe ta da zane in dare ya yi,
kada mutanen ciki su ji sanyi."
Ya nuna tsibin akwatuna a kwana, duk yanar gizo.
"Ga su nan, goben jiya.
Ku dai ku koyi kwance abu ku mayar.
Kowace gobe sai ta nemi mai gyara."

Da muka kunna, hon ɗin Keke Napep ya cinye rabin maganar,
mai kankana ya ratsa da shelarsa.
Mudassiru ya ce a yanke.
Barira ta ce a bari, gobe ma da hayaniyarta za ta zo.

Talata hadari ya wuni bai zuba ba,
batir ya yi ja,
muka adana aikin sau uku, kamar mai ƙulle ƙofa yana waiwaye.
Shafi na uku nata, na biyar nawa,
kowa na maimaita layinsa ga bango,
bango bai ce uffan ba.

Muna fita Zinatu ta buɗe tafinta:
guntun alli, bai kai ɗan yatsa ba.
Ta ce, "In majigi ya haska allo gobe,
kada kowa ya yi magana.
Zan tashi, in shiga cikin hasken,
inuwata ta rufe rabin rubutun,
in miƙa hannu sama, in ɗora wa harafin ƙugiyarsa.
Sannan ka fara."